Gida Naka, Makunni a Hannun Wani

Jama'armu na Jega, Aliero da Maiyama, yau za mu ɗan ajiye maganar wa ya sauya sheƙa, wa ya koma ina. Akwai wata magana da ta shigo mana har cikin ɗaka, kuma ba mu ji wani mai neman ƙuri'armu ya ɗauko ta ba. Maganar ita ce ta kayan zamanin nan da muke sakawa a gidajenmu, waɗanda muke biyan kuɗinsu da guminmu amma ikon kunna su da kashe su yana hannun wani kamfani da ba mu san ƙofar ofishinsa ba.

A ƙasashen Turawa abin ya yi nisa. Mutum yana zaune a ofis zai taɓa wayarsa ƙofar gidansa ta buɗe, fitila ta kama, na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, kyamara ta nuna masa wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Wani zai ce to mi ya haɗa mutumin Kuberi da wannan, mu da wutar ma sai an ga dama a kawo? Ai nan ne kuskuren yake. Abin ya riga ya iso mu, sai dai ya shigo da rigar talaka. Solar nan ta biya sannu-sannu da ake kafawa a kan rufin ɗaki, mitar kati da ke manne a bangon zaure, wayar da aka karɓa bashi, kyamarar da Alhaji ya sa a shago da tsakar gida yana kallo daga Abuja ko daga Saudiyya, duk dangi ɗaya ne. Kowanne yana da igiya, kuma bakin igiyar ba ya hannun mai gida.

Mu fara da sola, don ita ta fi yawa a wajenmu. Kowa ya san dalilin da ya sa jama'a suka ruga gare ta. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, janareto ya koma kayan ado. A watan Satumba na wannan shekarar gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, Kebbi da Sakkwato da Zamfara suka shiga duhu. Ga zafin Afrilu da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Sai ga kamfanoni irin su Sun King da d.light da Lumos sun zo da tsari mai daɗin ji: ba da kafin alƙalami kaɗan, a kafa maka faranti da batir da ƙwan fitila, wani lokaci har da fanka da talabijin, sauran kuɗin ka riƙa biya mako-mako ko wata-wata. In ka biya, a turo maka lambobi ta waya ka danna a jikin akwatin, ko kuma akwatin da kansa ya ji daga kamfani ta layin wayar da aka dasa a cikinsa. In kwanakin da ka saya suka ƙare ba ka sake biya ba, akwatin ya kulle kansa. Rana tana nan tana dukan faranti, batir cike yake tam, amma ɗakin duhu.

Gaskiya ɗaya ce, kuma ba za mu ɓoye ta don muna son maganarmu ta yi daɗi ba: wannan kullen shi ne ya sa aka yarda aka ba talaka kayan. Wane banki ne zai ba mai sayar da ƙosai a tashar Maiyama bashin sola ba tare da jingina ba? Babu. Kamfani ya yarda ne don ya san makunnin yana hannunsa. Kuma gidaje da yawa da suka shekara da shekaru da aci-bal-bal da fitilar ƙwai yau yaransu suna karatu da dare. Mai bin bashi yana da hakkin a biya shi, wannan ba abin gardama ba ne.

Inda muke da ja shi ne, yarjejeniyar gaba ɗayanta ɓangare ɗaya ne ya rubuta ta, da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, kuma shi kaɗai ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne ɗan doka mai zartar da hukunci. A al'adarmu in ana bin mutum bashi, akwai mai unguwa, akwai hakimi, akwai kotu. Ana zama, a ji uzuri, a ce a ɗaga masa zuwa kaka. Akwatin sola bai san uzuri ba. Bai san matar gida ta haihu jiya ba, bai san an yi rasuwa ba, bai san mai gidan ya biya kashi tara cikin goma saura kaɗan ba. Wanda ya biya wata goma sha ɗaya ya gaza a na goma sha biyu, da wanda bai taɓa biyan ko sisi ba bayan kafin alƙalami, duhunsu iri ɗaya ne a daren.

Sannan ku dubi yadda kuɗi ke shigo wa mutanenmu. Wanda ya zana tsarin biya duk wata yana tunanin ma'aikaci ne mai albashi. Manomin albasa na Aliero ba haka kuɗinsa ke zuwa ba. Yana zuba jari tun daga iri da dashe da taki da ban ruwa, watanni yana fitarwa ba ya shigarwa, sai an cire albasa an ɗora wa manyan motoci sannan aljihu ya yi nauyi. In ma yana da wayo ajiye ta zai yi sai ta yi daraja. Wato lokacin da ya fi kowa ƙarancin kuɗi shi ne lokacin da akwatin ke neman a ciyar da shi. Yanzu da fitila da fanka ne abin, ana iya haƙuri a kwana a waje. To ku jira a iso kan injin ban ruwa. A Kenya tuni kamfanoni irin su SunCulture suke sayar da injin ban ruwa na sola a kan biya sannu-sannu, da na'urar da ke haɗa injin da kamfani. Manoman rani a nan sun riga sun fara barin injin fetur suna komawa sola, saboda haka ba sai an yi duba ba kafin a san wannan tsarin yana tafe. Fitila in ta mutu kwana uku an sha duhu ne kawai. Fagen albasa ko shinkafa da ya yi kwana uku ba ruwa cikin zafin Maris, aikin shekara ne ya tafi, kuma bashin yana nan daram.

Akwai wani abin da ya fi wannan ciwo, shi ne ka kasance da kuɗinka a hannu amma hanyar biya ta toshe. Ba mu manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai tura kuɗi su fita daga asusunsa su ƙi isa inda aka aika su har kwanaki. A watan Satumba 2021 gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a duk jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina da Kaduna, makonni mutane suna tafiya wani gari don su yi kira ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, manhajojin bankuna suka tsaya cik. Duk na'urar da sai ta ji daga kamfani kafin ta yi aiki, ko sai an biya ta waya kafin ta buɗe, a irin waɗannan ranaku dutse ce. Zamfara maƙwabciyarmu ce, kuma da yadda tsaro yake a wasu sassan jiharmu, ba wanda zai rantse cewa ba za a taɓa rufe mana layi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an san abin da ake yi wa naka.

Mitar kati ma ta koya mana darasi, ko da yake mutane da yawa ba su gane abin da ya faru ba. Mitocin nan suna aiki da wani tsari da wata ƙungiya mai mazauni a Afirka ta Kudu ke kula da shi. A da, a cikin kowane katin wuta akwai ƙidayar mintoci da ta fara tun 1 ga Janairu 1993, kuma gurbin ƙidayar ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Shi ya sa aka yi ta shela cewa kowa ya karɓi wasu lambobi na musamman, jeri biyu masu lamba 20 kowanne, ya danna a mitarsa, in ba haka ba ta daina karɓar sabon kati. Mutum ya sayi mita, tana bangon gidansa, lafiyarta ƙalau, amma da kamfani bai ba shi lambobin nan ba da ta zama kwalliya. Kuma kamfanin da ke raba mana wuta, na Kaduna, a watan Janairu 2024 hukumar NERC ta rushe shugabancinsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110, ta naɗa mai riƙo. Wannan babban kamfani ne mai hukuma a kansa, shi ya sa da ya tangaɗa aka samu mai tallabe shi. Ƙaramin kamfanin sola ko na kyamara in ya tattara ya bar ƙasar, wa zai tallabe mu?

Kada a ce zato muke yi. A Amurka an sayar wa mutane wata na'urar sarrafa gida mai suna Revolv a kan dala 300. Kamfanin Nest, na Google, ya saye masu yin ta, sannan a watan Mayu 2016 ya kashe kwamfutocin da take dogara da su. Na'urar da ba ta lalace ba ta mutu a kowane gida rana ɗaya. A watan Afrilu 2022 wani kamfanin, Insteon, ya rufe ba sallama ba sanarwa, masu gidaje suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta kunna komai, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin. A jihar Kolorado kuwa, cikin zafin watan Agusta 2022, kamfanin wuta na Xcel ya kulle na'urar daidaita sanyi a gidaje kusan 22,000, mutum na zufa a ɗakinsa ya kasa ƙara sanyi. Da suka yi kuka aka tuna musu cewa su suka sa hannu, an ba su ladan dala 100 lokacin shiga tsarin. Waɗannan mutane ne masu lauyoyi da kotunan da ke aiki da jaridu masu bin diddigi. Mu da ofishin kamfanin ke Legas, uwar kamfanin kuma tana wata nahiya, sai dai mu kama ɗan unguwarmu da aka ɗauka aikin talla a kan kamasho, shi ma bawan Allah bai san komai ba.

Ga manoma, ga wani labarin. A 2022 sojojin Rasha sun kwashe motocin noma na John Deere daga garin Melitopol na Yukiren, kayan kusan dala miliyan 5, suka kai wasu har Checheniya. Da aka je tayar da su suka ƙi tashi, an kulle su daga nesa. Duniya ta yi dariya don ɓarawo ne ya ji kunya. Amma manomi mai hankali sai ya tsaya ya yi tunani: hannun da ya kashe motar a wajen ɓarawo, shi ne dai zai iya kashe ta a gonar mai ita.

Mu a Kebbi ma ba sai an kai mu Turai ba. Layin da ke kai wa Yamai wuta ta Birnin Kebbi ya bi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Najeriya ta katse shi, 'yan uwanmu na Dosso da Yamai suka shiga ɗauke-ɗauken wuta, sai a watan Maris 2024 aka mayar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan sojojin Nijar, ya ga yadda ƙasa guda take zama in makunninta yana gidan maƙwabci.

Yanzu mu zo kan kyamara, wadda a ganinmu ita ce ta fi haɗari kuma ita aka fi yi wa sakaci. Mu mutane ne da muke rubuta "Ba shiga" a ƙofar zaure. Abokinka na shekara talatin a zaure yake tsayawa. Yau kuma mai gida da kansa yake sayo 'yar kyamara mai arha a kasuwa, ya kira yaro ya kafa masa ita tana kallon tsakar gida inda iyalinsa ke girki da wanki da shan iska ba mayafi. Hoton nan da yake gani a wayarsa, a yawancin irin waɗannan kyamarori, sai ya bi ta kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo masa. Kuma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mutum nawa ne suka canza lambar sirri bayan yaron da ya haɗa ya tafi? Sau da yawa da wayar yaron aka buɗe asusun, da lambarsa, shi ya zaɓi kalmar sirrin. In an ce masa "ka cire kanka", ya ce "na cire, Alhaji", shi ke nan an yarda. Ba muna cewa yaranmu masu wannan sana'a maciya amana ba ne, mafi yawansu neman halal suke. Amma wayarsa tana iya ɓata, ana iya sace ta, yana iya sayar da ita.

Ko manyan kamfanonin ba su tsira ba. A watan Mayu 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhumi kamfanin Ring, na Amazon, cewa wani ma'aikacinsa ya yi watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyoyin mata daga kyamarorin ɗakin kwana da banɗaki. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5.8. Tun a 2016 kuma aka ga yadda wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, da gwada lambobin sirrin da aka fito da su daga masana'anta waɗanda masu kayan ba su canza ba. A yankin da kowa ya san masu garkuwa da mutane da 'yan rahoto suke aiki, na'urar da ta san ƙarfe nawa mai gida ke fita, yaushe yake dawowa daga kasuwar Jega, ɗaki nawa ne a gidan, ta wace ƙofa ake shiga, ba abin wasa ba ce. An saye ta don tsaro, tana iya komawa ɗan rahoton da ba ya barci.

Doka fa akwai. A watan Yuni 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Akwai hukumar FCCPC ta kare hakkin masu saye, wadda a watan Yuli 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Wato in an so a nuna wa babban kamfani yatsa ana iyawa. Sai dai tsakanin Abuja da tsohuwar da akwatinta ya kulle a Kuberi akwai tafiya mai nisa, kuma ba ta san sunan hukumar ba balle hanyar kai ƙara.

Nan ne aikin 'yan siyasarmu yake, namu da na sauran jam'iyyu. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar wutar lantarki ta Yuni 2023 sun ba jihohi damar kafa hukumarsu ta kula da harkar wuta, kuma jihohi irin su Inugu da Ekiti da Ondo sun karɓi wannan iko tun 2024. Majalisar dokoki a Birnin Kebbi tana da hurumin da za ta ce duk kamfanin da zai sayar da kaya mai kulle a jihar nan sai ya rubuta yarjejeniyarsa da Hausa, a karanta wa mai saye a gaban shaida, a faɗa masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, kuma farashin ya tsaya a naira kada a ce dala ta tashi. Mun ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, mun san abin da wannan ke yi wa bashi. A sa kwanakin sassauci kafin a kulle, kuma a hana kullewa muddin layin waya a rufe yake a yankin. Wanda ya gama biya a ba shi lambar buɗewa ta har abada nan take, ba sai ya yi ta bin ofis ba. Abin da muka fi nacewa a kai kuma shi ne, kamfani ya ajiye waɗannan lambobin buɗewa a hannun wata hukuma a nan gida, yadda ko ya karye ko ya gudu, kayan da ke rufin mutane za su ci gaba da aiki. Injin ban ruwa kuwa, biyansa ya bi kakar amfanin gona, kuma a haramta kashe shi ana tsakiyar noma. Kamfani ya bi kuɗinsa ta kotu kamar kowane mai bin bashi.

Gwamnati ma ta fara da kanta. Duk solar da za a kafa a asibitin karkara ko rijiyar burtsatse ko makaranta, duk injin da za a raba wa manoma, kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya miƙa lambobin sirri da takardun gyara, kuma an gwada an ga kayan suna aiki ko an cire layin waya. Muna da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, cike da yaranmu masu karatun injiniya da kwamfuta. Mi zai hana a ba su aikin buɗe irin waɗannan akwatuna su gwada, su gaya wa jama'a wanne ne ke aiki ba intanet, wanne ne ke aika hoto waje? Masu gyaran waya da rediyo na Jega kuma, waɗanda ba abin da ba sa farkewa su ɗinke, a daina rufe musu kayan da lambar da sai kamfani.

Kafin majalisa ta farka, shugabannin mazaɓu da na mata da na matasa, ga aikin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ku bi gidajen da aka kafa wa sola ta bashi a unguwanninku, ku nemi takardar da aka sa wa hannu, a samu mai Turanci ya karanta wa mai gidan ita layi-layi: nawa ya biya, nawa ya rage, mi zai faru in ya makara, wa zai kira in ya gama biya akwatin bai buɗe ba. Mai kyamara a cikin gida ya zaunar da wanda ya haɗa masa, a mayar da asusun kan lambar wayarsa shi mai gidan, a canza kalmar sirri a gabansa, wadda ke kallon tsakar gida kuma a juya ta ta kalli ƙofar waje. Waɗanda suka samu takardun su ɗauki hotonsu, su rufe suna da lambar waya, su turo mana ta akwatin saƙon shafin nan. Muna son mu tara su mu kai wa 'yan majalisarmu na jiha da mai wakiltar Aliero, Gwandu da Jega da mai wakiltar Maiyama a tarayya, a hannu, a gaban jama'a.